Ban Ruwa

Daga sifirin ɗaya na wata gingimari
da ta mutu a hanyar Jibiya
Kawu Gwadabe ya fitar da lauje uku,
uwa ɗaya, uba ɗaya,
a rumfarsa ta bayan Ƙofar Guga.
Shi ke ƙira, ni ke zuga.

Na fari, da ya yi ja kamar nunannen gauta,
ya cafke shi da awartaki
ya tsoma a kwatarniya. Ƙarfe ya yi tsaki,
ya fito da kaifi, ya fito da zuciya.
Na biyu ya binne a toka,
ya ce a bar shi ya kwana, ya huce don kansa.
Na uku ya sha baƙin mai,
ya koma gefen gawayin ƙirya
har launin zuma ya hau shi,
har ya soma wuyan hasbiya.
Kawu ya ce, "Ɗauke."
Yaro ba ya tambayar dalili a maƙera.

Mai sayensu bai dawo ba.
Suka yi damina rataye a danga,
raɓa da asuba, marka da rana.
Da kaka ta yi na sauko da su.
Na ruwa fuskarsa da sauran kyau,
amma tsatsa ta sami wata tsaga
siririya kamar silin gashi, ta bi ta ciki;
na gwada shi a kara, ya rabu biyu.
Na toka ya yi jawur,
bakinsa kamar fara ta kwana a ganye.
Na uku na goge da yashi,
muka yanka ciyawar akuya da shi har bazara.

Shekara goma sha ɗaya na riƙe tambayar.

A ɗakin gwaji, Malama Tasalla
ta sa na yanki ƙarfe, na goge har na ga idona,
ta ɗiga masa ruwa mai ci,
ta ce, "Leƙa madubin nan, ka ga gari."
Ashe cikin ƙarfe gonaki ne,
kowace da iyakarta,
kuma a kan iyaka rigima ke farawa.

Wanda ya huce a hankali
kunya-kunya yake, fari da baƙi,
mai taushi kwance gefen mai tauri.
In danshi ya shiga tsakaninsu
mai taurin na zaune lafiya,
mai taushin ke biyan kuɗin maƙwabtaka
har a cinye shi.

Wanda aka tsoma yana zafi
allurai ne zube a kan allurai.
Gawayin da ke jikinsa bai sami ƙofar fita ba,
an rufe shi da fushinsa.
Yana iya daɗewa bai yi ja ba,
amma ruwa ya sami tsaga, shi ke nan.

Na ce, "To na uku ne gwani."
Ta ce, "Kada ka yi saurin hukunci.
Ka zarce da ɗumi kaɗan, ka watsa wa tsatsa tsaba.
Sai ka san ruwan, ka san ƙasar.
Babu wanda ta yafe wa."

Ranar Juma'a na kai wa Kawu hotunan.
Yana ta rufe masa ido,
ya shafa takardar, ya juya ta baya.
Ya laluba ya ɗauki guntun sifirin,
ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera,
ya kara a kunne har ƙarar ta mutu.
Ya ce, "Wannan bai huce ba tukuna.
Gonakin naka su jira.
Zauna ka zuga."